Ranar da Inji Ya Haɗiye Katin Maikano

Duk wanda ya ce muku ni na jawo, ku ce ya zo ya maimaita a gabana. Kwantenata tana nan bakin titi daf da kwanar shiga Kara, kasuwar shanun Wudil, mai shuɗin fenti, ba ta ɓuya. Ni ce Saudatu mai POS, kuma ni zan ba ku labarin nan yadda ya faru, don na ji 'yan majalisar shayi sun fara ƙara masa gishiri.

Maikano taubashina ne. Mahaifina ƙanin mahaifiyarsa ne, wato ni 'yar namiji, shi ɗan mace, kuma tun kaka da kakanni an san ɗan mace bawa ne. Shi kaɗai ne labarin bai iske ba. Ya girme ni nesa ba kusa ba, ga tumbi ga furfura a gemu, amma kullum sai ya buɗe baki a cikin mutane ya kira ni baiwarsa. Ni ma ba na raga masa ko kaɗan.

Dillalin shanu ne a Kara. In ka nuna masa bijimi daga nesa zai gaya maka garin da aka taso shi da irin ciyawar da ya ci. Amma lambobi huɗu kacal na katinsa sun gagare shi. Ranar da banki ya ba shi katin tare muka je, don ya ce cike takarda jiri yake sa shi. Da aka zo wajen zaɓen lambar sirri sai ya turo min injin.

"Baiwata, ke danna. Ni kaina na shanu ne, ba na lamba ba."

Na danna. Tun daga ranar haka muke. Ya zo ya wurgo katin a kan kanta, ya juya baya yana surutu da Ya'u mai tsire da ke gefena, ni in danna, in ƙirgo in miƙa masa. Rabin dattawan Kara ma haka suke yi da ni, don haka ba wanda ya taɓa ganin abin mamaki a ciki.

To, sai mahaifiyarsa, Gwaggona. Tsohuwa ce 'yar firit, mai sayar da daddawa, kuma irin mutanen da ce ta gaske. Maikano shi ne ɗanta na fari. Tana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Kano, can ya girma, shi ya sa da ya dawo wannan suna ya manne masa. Sunansa na yanka Jibrilu, amma ban taɓa jin ya fito daga bakin Gwaggo ba. Ko Maikanon ma ba ta faɗa. "Mutumin nan ya zo?" "Ku kai wa mutumin nan tuwo." Shi ke nan. In ya je gaishe ta sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango. Babana ya ce ko yana jinjiri ba ta yarda a gan ta da shi a baya, ƙannenta ne suka yi goyonsa. Ƙannensa kuwa ta kira su da sunansu, ta yi musu faɗa, ta yi dariya da su. Shi ko a jikinsa, ko dai haka muka ɗauka.

Gwaggo ba ta da wani buri a duniya da ya wuce ta ga Ka'aba da idonta. Bana Allah ya buɗa wa Maikano, ya biya musu kujerar Umara su biyu a watan Sha'aban. Ranar da aka gaya mata sai ta shiga ɗaki ta jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado. Kuɗin daddawa ne na shekara da shekaru. Ta ce a kai Wapa a canzo mata riyal, ta ƙulle a haɓar zaninta.

Maikano ya ce ina! Wai wannan ƙauyanci ne. Wai yanzu bankuna sun sake buɗe wa katin naira hanya a ƙasar waje, mutum ya tsaya gaban inji ya sa kati, riyal ta fito sabuwa fil. Ya kwaso kuɗin gwangwani ya kawo min na zuba a asusunsa. Sauran abokan tafiyarsu da suka je suka yi canji, har tsiya ya riƙa yi musu, wai za su je ɗakin Allah da ƙunshi a ƙugu kamar masu zuwa cin kasuwar ƙauye.

Ni dai na yi nawa. Na ja shi banki aka buɗe wa katin aiki a waje. Na sa aka gaya masa iyakar abin da zai iya cira, da ɗan abin da za a riƙa yanka a kowace cira. Na duba ranar mutuwar katin, na ga da sauransa. Ranar tafiya kuma, gida cike da 'yan rakiya, na ja hannun rigarsa na ce, "Zo gefe in gaya maka lambar."

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Jama'a ku ji baiwa za ta koya wa ubangidanta katinsa! Ke, shekara nawa ina kallon yatsunki? Na haddace ta tsaf."

Aka kwashe da dariya. Mutumin da kullum ƙeyarsa nake gani in ina dannawa! Na ce to, Allah ya kiyaye hanya. Ya'u shaida ne, yana wurin.

Ranar Juma'a da hantsi, kasuwa ta cika ta batse, motocin shanu sun toshe titi har gada, layi a gaban kwantenata, sai ga kira ta WhatsApp. Maikano. Na ɗauka.

"Saudatu," in ji shi.

Ba baiwata, ba komai. Nan take na san akuya ta shiga gonar wani. Na danna sifika na ajiye wayar a kan kanta, na yafito Ya'u da hannu.

"Na'am, Alhajin Allah. Ya Makka? Ya Gwaggo?"

"Lafiya lau. Kin ga, injinan ƙasar nan ba irin namu ba ne. Na sa lambar daidai, ya rubuto wani abu da ja."

"Sau nawa ka sa?"

Can ya ce, "Biyu. Na farko yadda kike yi. Na biyu na juyo ta daga baya, ko su da yake daga dama suke karatu."

Ya'u ya saki wuƙarsa ya riƙe ciki. Wani Bafulatani da ke kan layi ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Na ce, "To saura ɗaya. In ka sake kuskurewa inji zai haɗiye katin, ko tari ba zai yi ba."

"Shi ya sa na kira. Tuna min kawai, ta ɗan kwanta min ne."

Ku gaya min, wace 'yar namiji ce za ta bar wannan dama ta wuce? Allah ne ya kawo min shi har gida. Na gyara zama na ce, "Ba komai, abu mai sauƙi. Ka ce, 'Ni Maikano bawan Saudatu ne,' sau ɗaya tak, in ba ka lambarka."

"Ke, ba wasa na kira ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Faɗi mana, ai gaskiya ce, kuma a Makka kake."

Ya'u ya kasa daurewa, ya leƙo da kansa ya ce, "Faɗi kawai, Alhaji, ba wanda zai ji!" Layi gaba ɗaya ya ɗauki shewa.

"Au, a sifika kika sa ni?" Muryarsa ta canza. "To riƙe kayanki. Na ma tuna."

Ƙit, ya kashe.

Wallahi dariyar ba ta gama fita daga bakina ba na rubuta lambar na tura masa. Ai ba zan bar shi da gaske ba. Saƙon ya tafi ya tsaya da alama ɗaya, bai shiga ba. Na kira, ba ta shiga. Ashe da intanet ɗin masaukinsu ya kira ni, injin kuma yana tsallaken titi. Yana fita ƙofa ya rabu da ni, ya je ya tsaya gaban injin mutane ya danna lambar tsohon babur ɗinsa. Inji ya karɓi kati ya yi gum.

Wannan duk a bakin Hajiya Radiyya na ji. 'Yar Sabon Gari ce, ɗakinsu ɗaya da Gwaggo a can. Bayan an sauko daga masallaci a nan Wudil sai ga saƙon muryarta, na kara a kunne ina ba wani canji.

Ta ce tun a jirgi ƙafafun Gwaggo suka kumbura suntum, ko banɗaki sai an riƙe ta. Sauran ayari duk sun je sun yi Umararsu, saura ita da Maikano, har yanzu suna cikin harami. Kuɗin da ya je cirowa na masu tura tsofaffi a keke ne. Ya je wajen kekunan da ake bayarwa kyauta, Juma'a ce, ko ɗaya bai samu ba. Bankin da ke da injin a rufe yake sai Lahadi, kuma an ce ko an buɗe da wuya su mayar da katin wata ƙasa. Ita Radiyya ta ciro riyal ta ce ga shi a biya, in an dawo gida a ba ta. Gwaggo ta ture hannunta.

"Da kuɗina na zo," in ji ta. "Ban ci bashi na aurar da 'ya'yana ba, ba zan zagaya ɗakin Allah da bashi ba."

Aka ce to kyauta ce. Ta ce ita ba ta zo Makka bara ba. Aka ce to ta bari sai gobe a san dabara. Ta ce, "Wa ya ba ni goben?"

Na rufe kwantena da rana tsaka, ranar kasuwa, abin da ban taɓa yi ba ko da zazzaɓi. Tsoro ya kama ni sosai. Tsohuwar nan ta tara kuɗinta a gwangwani tun ban san kaina ba, ga ta ga Ka'aba, tsakaninsu titi ɗaya, kuma lambar da za ta kai ta tana nan a kan yatsuna a Wudil. Shi kuma wancan mai taurin kan, da ya ce min ƙafar Gwaggo ce, ai ko numfashi ba zan ja ba zan faɗa masa. Amma ya gwammace ya mutu da ya ce yana cikin matsala a gaban Ya'u.

Na shiga neman hanya. Akwai Hausawa 'yan canji a can, ka tura musu naira a nan su ba mutuminka riyal a hannu. Na kira wannan, na kira wancan, wanda aka yarda da amanarsa ya ce yana Jidda, sai gobe da safe zai shigo Makka. Na kira Maikano ya fi a ƙirga. Waya a kashe. Radiyya ma ta daina ɗauka.

Ina zaune a kan benci bayan la'asar, na zabga tagumi, sai ga Ya'u da gudu, hannunsa duk ƙuli, yana miƙo min wayarsa.

"Saudatu, duba! Matata ce ta turo, wai daga wajen Hajiya Radiyya. Duk garin nan an gani."

Bidiyo ne, yana ta rawa don mai ɗaukar ma tafiya take. Ga Ka'aba, ga jama'a fari fat suna zagayawa. A tsakiyarsu ga Maikano, mayafin haraminsa ya zame, tumbi a gaba, gumi kamar an watsa masa ruwa. A bayansa kuma ga Gwaggo. Ya goya ta. Hannuwansa biyu a ƙarƙashinta, ita ta zagaye wuyansa da nata, kumburarrun ƙafafun suna reto a gefensa. Mutumin da ko buhun dusa sai ya kira ɗan dako.

Ya'u ya fara dariya, ya kalle ni, ya fasa. Ni dai na kalli abin nan na sake kallo, hawaye na zuba a kan wayar mutane.

Daga baya Radiyya ta ba ni sauran. Ta ce da Gwaggo ta ƙi komai, Maikano ya zo tsakar ɗaki ya juya ya durƙusa ya ba ta baya. Gwaggo ta kau da kai ta ce, "Ku ce wa mutumin nan ya tashi, ba na son shashanci." Bai tashi ba. Ya ce ko ta hau, ko su kwana a haka. Aka daɗe ana kallon-kallo, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska ta hau. Tun daga masauki har cikin Masallaci a bayansa ta je, ya yi zagaye bakwai ɗin nan da ita bai sauke ta ba. Da suka zo Safa da Marwa ya gaji liƙis, sai ga wani dattijo baƙo ya gama da keken matarsa, ya turo musu ya yi gaba abinsa. Wannan karon Gwaggo ba ta musa ba, ta ce keke aro ne, aro kuma ba bashi ba ne. Maikano ya tura ta da kansa har aka gama.

Washegari ɗan canji ya kai musu riyal. Ni na tura, daga asusunsa Maikano ya biya ni bayan sun dawo, kada wani ya ce na yi asara.

Ranar da suka sauka, gidan Gwaggo ba masaka tsinke. Ana ta raba dabino da zamzam a 'yan kofuna. Na shiga a ɗarare na durƙusa, ina jiran faɗa, don na san labarin sifika ya riga ni isa. Ta kalle ni ta ce, "Ke ce mai lamba?" Na ce ni ce, Gwaggo. Ta kamo hannuna ta danƙa min dabino cike da tafi, ta ƙara da carbi, ta ce Allah ya yi min albarka. Ko kalma ɗaya ba ta ƙara ba. Na fito na ce wa duk wanda na gamu da shi, ladan goyon nan rabi nawa ne, don ba don ni ba da wani ƙaton Balarabe ne zai tura ta a keke a wuce wurin. Har gobe ina kan bakana.

Maikano kuwa ya yi kwanaki bai biyo ta wajena ba. Bayansa ya riƙe, sai da aka yi ta gasa masa da ruwan zafi. Na shirya masa tsiya iri-iri na ajiye, ina jira.

Wata Talata da yamma, kasuwa ba kowa, Ya'u ya tafi sayo itace, sai ga shi yana takawa a hankali, hula a kan sabon aski. Ya ajiye sabon kati a kan kanta. Bai wurgo ba, ajiyewa ya yi. Ya zauna a benci.

Na ce, "A'a, maraba da motar Makka. Nawa ne kujerar baya?"

Ya yi ɗan murmushi bai rama ba. Ya kalli titi ya ce, "Kin san ba ta da nauyi? Kamar na ɗauki 'yar tinkiya. Ni ban taɓa sani ba. Ban taɓa riƙe ko hannunta ba."

Na ajiye injin na matso kusa.

"Da muka fara zagaye, tana ta addu'a a bayan kunnena. Ta yi wa Baba, ta yi wa iyayenta, ta bi ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Har ke ta yi wa. Ina jira in ji ta ce mutumin nan." Ya cire hular ya shafa kai. "Sai da muka zo daidai ƙofar Ka'aba ta ƙanƙame wuyana. Ta ce, 'Ya Allah, ga Jibrilu. Ni kunya ta hana ni goya shi, shi ga shi ya goya ni. Ka riƙe min Jibrilu.' Sau biyu ta faɗa, Saudatu. Ni ban san ma haka sunan yake a bakinta ba."

Ya goge ido da hular, ya tashi ya turo min katin.

"Sa lamba. Amma wannan karon ki koya min, kada in sake barin tsohuwa a tsaye." Ya gyara murya, ya duba hagu da dama. "Kuma abin nan da kika ce in faɗa. Ni Maikano bawan Saudatu ne. Na faɗa."

Shekara da shekaru ina jiran wannan magana, ga ta ta zo ba Ya'u ba layi, ba ko mutum ɗaya da zai yi min shaida. Na buɗe baki in yi shewa, na fasa. Sai kawai na jawo injin na juya masa shi, na kamo yatsansa na ɗora a kan lambar farko.

"Danna nan, Yaya Jibrilu," na ce.